Yara na rikita babban baƙi a tsakiyar jimlar Turanci, ina mafita?

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku kan 'yan aji 3 na firamare. Sun gane cewa jimla tana farawa da babban baƙi, haka sunan mutum da na gari kamar Amina da Kano, da ranaku da watanni, da kalmar I duk inda ta faɗo.

Inda abin ya cije shi ne kalmar da ke sauya matsayi. Uncle Musa babban baƙi, my uncle ƙarami. River Niger babba, the river ƙarami. Da zarar an nuna musu na farko, sai su riƙa girmama kalmar ko'ina, har harmattan da mathematics, alhali a darussa sunan harshe irin English ne ke ɗaukar babba. Ina ganin sanadin shi ne mun ce musu "suna mai muhimmanci", kuma a wurin yaro kawunsa ai mai muhimmanci ne.

An gwada shifta ta jimla 5 kullum da gyara da jan biro, mako 3, babu sauyi. Ga kuma c, o, s, w da girma kaɗai ke bambanta babbansu da ƙaraminsu, balle ga yaran da suka fara da allo, tunda rubutun Larabci ba shi da babban baƙi.

Don Allah wane bayani ko atisaye kuke amfani da shi a nan?