In ci gaba da binciken ƙodar yara masu sikila, ko in koma takardar tambayoyi?

Likitar_Yara:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina horon ƙwarewa a sashen yara na wani asibitin koyarwa, kuma nan da wata 3 zan miƙa tsarin binciken kundina ga kwalejin ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas. Abin da raina ke so shi ne in auna cystatin C, wani sinadari da ke nuna lafiyar ƙoda, a jinin yara 120 masu sikila, don creatinine, wanda aka saba aunawa, yana yaudararmu a kansu, sai ƙoda ta yi nisa da lalacewa kafin ya hau. Malamina ya ce in bari, in raba wa iyaye takardar tambayoyi in gama in huta. Waɗanda suka yi binciken da ya shafi lab, a ina kuka ajiye samfur, wa ya biya sinadarin gwaji, kuma za a iya samun kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun malami?

Baban_Amira:
Wa'alaikumus salam. Ki bi maganar malaminki kawai. Shi zai sa hannu.

Abu_Sadiq_Riyad:
Ƙanwata, ki gama ko da me, ki karɓi takardarki. Binciken gaske sai an fito waje.

Tsohon_Rajistara:
Bari in ba ki nawa labarin, sai ki yanke. Wata 14 na yi ina tara jinin marasa lafiya 156. Ni nake ɗiba, ni nake juyawa a inji, ni nake rubuta lamba a jikin kowace 'yar kwalba da daddare bayan na gama kwanan aiki. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili guda ɗaya ce a sashen, ta wani tsohon aikin Turawa da ya ƙare aka bar ta ba mai kula. Na roƙi aljihu ɗaya aka ba ni. Hutun Babbar Sallah wuta ta ɗauke, dizal ya ƙare a janaretan ɓangaren, ba wanda ya kira ni don ba wanda aikinsa ne ya kira. Ran Talata na buɗe, ruwa ya zubo min a takalmi. Akwatunan kwalin sun jiƙe sun lotse, lambobin da na rubuta sun wanke. Na zauna a ƙasan lab ɗin nan, ban san hawaye nake ba sai da mai shara ta ce, “Likita, lafiya?” Na rubuta takarda, aka ce a kai wa sashen gyara. Sashen gyara suka ce kayan jami'a ne, jami'a ta ce a cikin asibiti yake. Filin da na sayar na sayi sinadari ya tafi, shekara ɗaya da rabi ta tafi. Abin da ya fi ci min rai shi ne iyayen da suka yarda aka soki 'ya'yansu a banza. Har yau akwai uwar da in ta gan ni take tambayata sakamako.

Anti_Nas:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Likita. Ɗibar jinin nan ba ƙaramin abu ba ne a wajen iyaye. Tun abin da ya faru da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, har yau kaka za ta riƙe hannun jikanta ta ce sai an faɗa mata inda za a kai jinin. Minti 20 nake yi da wasu kafin su dangwala.

Malamin_Lab:
Hajiya Likita, cystatin C ba ya buƙatar wannan babbar firizar. Digiri 20 ƙasa da sifili ya ishe shi watanni, muddin ba ya narkewa yana sake daskarewa. Ki raba kowane samfur gida biyu, ki ajiye a gini biyu daban. Kit ɗin ELISA, wato kayan gwajin, ramuka 96 ne, in za ki yi kowane samfur sau biyu yara 40 kawai zai ɗauka, don haka 3 kike buƙata. Na saya wa wani a dubu 180.

Dr_Gwaggo:
Dubu 180 a wace shekarar, Malam? Tun da aka saki naira a 2023 wannan farashin ya zama tarihi. Watan jiya dubu 650 aka ce min, ban da kuɗin kawowa cikin ƙanƙara.

Baban_Amira:
Ni dubu 400 na biya, amma ya zo da ɗumi, sakamakon duk shirme.

Ɗan_Aji_Biyar:
Ku haɗa da kuɗin zoɓo. Ranar da aka buɗe firizar sashenmu, samfur rabi, zoɓon ma'aikata rabi.

Likita_a_Amurka:
Labarin ɗan'uwanmu shi ne ainihin matsalar: ba wanda aikinsa ne ya kira. A nan tun 2006 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, take ba manyan asibitocin jami'a wani tallafi mai suna CTSA, kuma kuɗin ba na gwaji ɗaya ba ne. Da shi ake riƙe masanin lissafin bincike, da nas ta bincike, da ofishin da ke taya ka rubuta neman tallafi. Firiza tana da na'urar da ke buga wa mutum waya in sanyi ya ragu. Matashin da ya samu tallafin K, na masu fara bincike, kashi 75 na lokacinsa na bincike ne, ba mai sa shi kwanan aiki a kai.

Abu_Sadiq_Riyad:
To me wannan zai amfana mata? Kana can kana ba mu labarin aljanna.

Likita_a_Amurka:
Kai ma ai ba daga Zariya kake rubutu ba.

Dr_Gwaggo:
Ku biyun ku yi haƙuri, wanda yake kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A nan ma an yi, kuma a kan sikilar. Gwajin SPRING da aka yi a Kano da Kaduna tare da jami'ar Vanderbilt, yara 220, ya nuna ƙaramin awon maganin hydroxyurea, miligiram 10 a kowane kilo, yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki kamar miligiram 20. An buga shi a 2022. Me ya sa ya yiwu? An horar da masu hoton jijiyoyin kai, akwai ma'aikatan da bibiyar yaran ce aikinsu, akwai mai kula da bayanai. Ƙanwata, ki nemi ƙungiyar da ke da aiki mai tafiya a asibitinku, ki jingina naki a jikin nasu. Batun TETFund kuwa, na ma'aikatan jami'a ne, ke kuma ma'aikaciyar asibiti ce a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Sai dai malaminki ya nema da sunansa. A lokacinmu miliyan 2 ne iyakar ƙaramin tallafin, kuma sai bayan na kare kundina kashin farko ya fito.

Tsohon_Rajistara:
In ya nema da sunansa, takardar ma da sunansa za ta fita. Da na sake aikin daga farko na gama, sunana na huɗu ya zo. Biyu daga waɗanda ke gabana ko launin kwalbar ba su sani ba.

Farfesa_Mai_Ritaya:
Yaro, ban ce ba a zalunce ka ba, amma kada ka yi mana kuɗin goro. Na gyara kundi sama da goma da jan biro har asuba, ban taɓa sa sunana a gaba ba.

Tsohon_Rajistara:
Ranka ya daɗe, irinku ba ku da yawa. Tsarin ƙarin girma shi ya lalata abin, ana ƙirga takardu ba a duba wa ya yi aikin.

Malamin_Lab:
Ku ma likitoci haka kuke mana. Mu muke tsayuwa a kan inji har ƙarfe 11 na dare, ko a layin godiya ba a ganin sunanmu.

Anti_Nas:
Faɗa musu dai, Malam. Wa yake lallashin iyayen?

Likitar_Yara:
Na gode ƙwarai, duk na karanta. Malam, in na samu aikin, sunanka ko na wanda ya tsaya min zai shiga, na yi alkawari. Amma firiza ta biyun da ka ce, ta gidana mai aiki da sola za ta yi, ko kwamitin ɗa'ar bincike ba zai yarda a fitar da samfur daga asibiti ba?

Baban_Amira:
Wai kuɗin horon ƙwarewa na bana ya shigo wa wani kuwa? Mu shiru har yanzu.