Yaya za a san aikina na UX alhali yarjejeniya ta hana ni nuna shi?

Ɗan Jidda:

Assalamu alaikum. Ina aikin tsara manhajoji ta yadda za su zo wa masu amfani da su da sauƙi, wato UX, a wani kamfani a nan Jidda. Duk abin da na tsara yana ƙarƙashin yarjejeniyar riƙe sirri, saboda haka shafina na Behance, dandalin da masu zane suke baje kolin ayyukansu, fayau yake, kuma idan na nemi babban matsayi a Riyad ko ganawa ba a kirana. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan fanni su ba ni shawara.

Hajiya Mai Zane, Riyad:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Masu ɗaukar ma'aikata a fanninmu ba kyawun zane suke fara dubawa ba, domin Dribbble, wani dandalin nuna zane, cike yake da kyawawan zane-zanen da babu wanda ya taɓa amfani da su. Abin da suke son gani shi ne yadda ka gano matsala, da hanyoyin da ka gwada ka watsar, da dalilin da ya sa ka tsaya a kan ɗaya. Ka nemi izinin kamfaninku a rubuce kan bayyana wannan ba tare da suna ko alƙaluma ba, wasu sukan amince.

Amma a ganina kana da abin da ya fi wannan. Alhazanmu na Najeriya da Nijar suna sauka a Jidda, kuma wanda yake son shiga Rauda a Madina sai ya yanki izini ta manhajar Nusuk, alhali da yawa daga cikin dattawan ba sa karanta Larabci ko Turanci. Kai kuwa kana jin Hausa kana jin Larabci. Ka zauna da mutum biyar daga cikinsu, ka ba su wayar, ka kame bakinka ka lura da inda suka tsaya da abin da suka zaci maɓalli yake nufi. Tun a 2000 Jakob Nielsen, masani a fannin UX, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin amfani. Ka rubuta abin da ka gani da gyaran da kake ba da shawara, ka wallafa a LinkedIn da Larabci da Turanci, kuma ka yi zanen Larabcin daga dama zuwa hagu tun daga tushe, ba juya na Turanci kawai ba, domin nan ne ake gane ƙwararre.

Malam Na Madina:

Na yarda da Hajiya, sai dai rubutu kaɗai ba ya isa a ƙasar nan, inda sanayya take buɗe ƙofa. Tun da aka ƙaddamar da shirin Hangen 2030 na raya ƙasar Saudiyya a 2016, aka kuma kafa Hukumar Gwamnatin Dijital a 2021, yawancin manyan ayyukan suna Riyad. Babban taron fasaha na LEAP da aka fara a 2022 yana da amfani, amma cunkosonsa ba ya barin a yi doguwar magana; ƙananan tarukan masu zane, inda za ka nemi minti goma ka gabatar da bincikenka, sun fi sa a riƙe sunanka. Sannan ka kiyaye, idan da iƙama, wato takardar izinin zama, kake zaune, kada neman suna ya kai ka ga karɓar aikin kuɗi a wajen wanda ba kafilinka ba, wato ba wanda kake zaune a ƙarƙashin sunansa ba, domin dokar ƙwadago ta hana.

Ɗan Jidda:

Na gode, Hajiya da Malam, Allah Ya saka da alheri. Shin zan iya sanya hotunan alhazan a cikin rubutun?

Hajiya Mai Zane, Riyad:

Sai da yardarsu, bayan ka bayyana musu da Hausa inda hoton zai fita. Ni dai hannu da fuskar waya kawai nake ɗauka, kuma ina rufe suna da lambar fasfo kafin in wallafa.