Musayar Waƙa: Daren da Barci Ya Ƙi Zuwa

Ɗan Sabon Gari:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Wata uku ke nan da gobara ta cinye rumfata. Na kasa faɗin abin da ke raina da baki, sai na sa shi a waƙa.

Dare ya raba, Sabon Gari tana barci,
Ni ido biyu, zuciya cike da ɗaci,
Tana ce min, "Ka ƙare, saura talauci,
Mai bashi na tafe, zai ci maka mutunci."
Ko Ubangiji ya manta hanyar gidana?

Ran Lahadi na sa riga, na shafa mai,
Ana waƙar yabo, ina motsa baki kawai,
Aka ce, "Ya gida?" na ce, "Lafiya sarai,"
Na dawo ɗaki, tunanin ya ce, "Ina nan dai."
Shin zunubi ne, 'yan'uwa, wannan halina?

Ƙaramin Mawaƙi:
Yaya, kada ka ba Shaiɗan tabarma,
In ya zauna, gobe ɗakin zai nema.
Bitrus na tafiya kan ruwa, ya kalli iska, ya fara nitsewa,
Ya yi kira, Yesu ya kama shi ba daɗewa.
Ka ƙara bangaskiya, ka haɗa da azumi,
Damuwar za ta kau ba dogon jimami.

Mama 'Yar Zumunta:
Ɗana mawaƙi, ka faɗi gaskiya, amma a hankali. Wanda ba ya ci, ba ya barci, ba azumi ake fara ɗora masa ba. Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19.

Annabi Iliya mai kiran wuta daga sama,
Sarauniya Yezebel ta aiko saƙon kisa, jikinsa ya ɗau kyarma,
Ya gudu jeji, gindin itace ya ce, "Na gama,
Karɓi raina, ban fi kakannina ba ni ma."
Allah bai yi masa faɗa ba, ɗana.

Mala'ika ya taɓa shi, ya ce, "Tashi ka ci,"
Ga gurasa, ga ruwa, ya ci ya koma barci,
Aka sake tashinsa, tafiya da nisa, ya ƙara ci,
Kwana 40 ya taka zuwa dutsen Horeb da ƙarfin wannan abinci.
Ya ce shi kaɗai ya saura mai bin Allah, ashe da wasu 7,000, ɗana.

"Ni kaɗai" ɗin nan ita ce ƙaryar da ta fi ƙarfi cikin dare. Na san ta sarai, tun shekarar da na binne maigidana. Matan zumunta ne suka riƙa kwana a ɗakina har ta sake ni.

Baba Dattijo:
Je ka Ƙofar Mata ka dubi marina,
Farin zane suke tsomawa a baba da rana,
Tsomi ɗaya ba ya sa shuɗi ya zauna,
Sai ya sha iska, a mayar, har launi ya nuna.
Haka zuciya, ramin da ta kwana ne launinta.

Wata uku kana jiƙa ta a ruwan asara,
Aya ɗaya ba ta isa ba, sai an ƙara,
Filibiyawa 4, aya 6 zuwa 8, nan za ka fara,
Roƙo da godiya, sannan abin da ke gaskiya ka tara,
Kullum safe ka tsoma, Ruhu ne marininta.

In rashin barcin ya ci gaba, yaro, je ka ga likita. Ba raunin bangaskiya ba ne. Luka ma likita ne, haka Bulus ya kira shi a Kolosiyawa 4:14.

Ɗan Sabon Gari:
Mama, jiya na ci tuwo, na yi barci har asuba,
Baba, na buɗe Filibiyawa, aya ta 6 na duba,
Tunanin yana nan, bai fasa zuwa ba,
Amma na je gun mai bashi, bai ci mutuncina ba.
Ƙanena, Laraba ka biyo mu je addu'a, ka san gidana.