Kufan filin wasan Domitian a ƙarƙashin Piazza Navona: wa ya taɓa sauka?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar mai zuwa zan kai Hajiyata birnin Rum daga Milan, yini ɗaya kacal, da yamma mu juyo. Yarona ya nace sai mun sauka ƙarƙashin dandalin Piazza Navona mun ga tsohon filin wasan Sarki Domitian. To Hajiya gwiwa ke damunta. Wanda ya taɓa shiga, matakalar na da yawa? Kuma nawa ne?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ki je mana, nan ne ake sakin zakuna su cinye mutane. Sai dai layi kamar na mai.

Ɗalibin Bologna: Kolosiyam kake nufi, yallaɓai, wato babban filin faɗan nan na Rum, wannan daban ne. An gina shi wajen shekara ta 86 miladiyya don tsere da kokawa da dambe irin na Girkawa, yana cin mutum kusan 30,000. Dandalin da kuke gani yau shi ne filin, gidajen da ke kewaye kuma a kan mazaunin 'yan kallo aka ɗora su, shi ya sa wurin ya yi tsawo, gefen arewa ya lanƙwashe. Na shiga bara ta titin Via di Tor Sanguigna. Kusan mita 5 ƙasa da titi, ga manyan ƙofofi na bulo da farin dutse, ga wata matakala da ta hau ta tsaya ba ta kai ko'ina ba. Sai ka ji motoci na wucewa a samanka. Minti 40 na gama. Kusan Yuro 10 na biya, har da na'urar kunne mai yin bayani.

Na-Guramada: Dambe? Ashe su ma sun san harka. Da an ba mu filin nan, Kudu da Arewa sai sun raina kansu.

Baban Khalil: Ni ko sunan dandalin nan ba na son ji. Yuro 30 na ba wani mai tallar tikiti a hanya, wai da ɗan rakiya. Kafin in kai ƙofar, a cikin bas daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, aka zare mini jaka. Wata mata ce ta yi kamar za ta faɗi a kaina, ni kuma na tare ta, ina cewa sannu. Fasfo, takardar zama, kuɗin kayan mutane, duk sun tafi. Na wuni a ofishin 'yan sanda, ko azahar ban yi a kan lokaci ba.

Hajiya Ta-Brescia: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Amma Yuro 30? Mu ko sisi ba mu biya ba, daga titi muka leƙa ta ƙarfen muka ga ƙofa ɗaya, ya ishe mu.

Ɗalibin Bologna: Hajiya, leƙe ai ba shiga ba ne.

Hajiya Ta-Brescia: Yaro, shekara 19 nake ƙasar nan. Kai da ka zo jiya da littafi a hammata za ka koya mini Rum?

Ɗan Damagaram: Duk ku bari, wanda aka sace wa jaka shi ya fi ku sanin garin.

Baban Khalil: Ka yi dariyarka. Wata bakwai ina jiran sabuwar takardar zama, rasit kawai nake yawo da shi a aljihu. Bikin ƙanwata a Kano a waya na kalla.

Na-Guramada: Bakwai? Kai ɗan gata ne. Ni sai da tawa ta fito saura wata biyu ta mutu. Kuma an canja mini ranar ɗaukar yatsa har sau biyu.

Maman Ilham: Allah ya kyauta, ya ba ku haƙuri. Matakalar fa, jama'a?

Hajiya Ta-Brescia: Na-Guramada, a wane gari ka nemi taka? Don a nan ma sun fara wannan wulaƙancin.