Gobara ta tashi a wurin aikinmu ina shugaban dare, na rikice: ku ba ni shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne ke kula da ma'aikatan dare a wani babban sito, mu goma sha biyar har da ni. Makonni uku da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, akwatin wutar lantarki da ke bangon baya ya yi tartsatsi, wuta ta kama kwalayen da aka jera kusa da shi. Abin da na fara yi shi ne kiran manajanmu. Sau uku ina kira ba a ɗauka ba. Ina tsaye da waya a kunne, hayaƙi na taruwa a saman rufi, wannan na ihu a kawo ruwa, wancan na cewa kada a zuba ruwa wutar lantarki ce, wani kuma ya kama jan kaya waje. Sai na jefa wayar a aljihu, na sunkuci tukunyar kashe gobara na nufi wutar. Kafin in ankara ta ƙare a hannuna. Maigadi ne ya kashe babban makunni ya kira 'yan kwana-kwana, ba ni ba.

Da muka fito na ƙirga mutane, mu goma sha huɗu. Wani yaro sabon ɗauka babu shi. Mutum biyu suka ɗaure hanci da riga za su koma ciki nemansa, suna kallona. Wallahi bakina ya mutu, ban ce su shiga ba, ban ce kada su shiga ba. Sun kai bakin ƙofa ke nan sai ga yaron ya zagayo, ashe ta ƙofar baya ya fita.

Babu wanda ya ji rauni, alhamdulillahi. Amma har yau in na kwanta fuskokin mutanen nan biyu nake gani. Yanzu kuma ni aka ɗora wa tsara yadda za mu riƙa tunkarar gaggawa. Ta yaya mutum zai yanke hukunci alhali bai san komai ba tukuna? Shawara ake yi a irin wannan lokaci ko umarni ake bayarwa? Kuma da wane ido zan kalli yarana?

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin kashe gobara:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ƙara tsarewa. Zan faɗa maka gaskiya don ita ka zo nema.

Kuskurenka babba ba kiran manaja ba ne, ɗaukar tukunyar nan ne. Daga lokacin da ka durƙusa gaban wuta, mutum goma sha huɗu sun zama marasa shugaba. Idonka ya koma kan kwali ɗaya, ba ka ganin ƙofa, ba ka ganin wanda ya fita da wanda ya rage. Na san abin da ya ja ka: kunya. Mutum ba ya son a ce ya tsaya hannu sake yara na fama. Ni ma na sha wannan a farkon aikina. Amma aikin shugaba a wannan lokaci shi ne ya ja baya taku biyar ya tsaya inda zai ga kowa kuma kowa zai gan shi.

Sa'annan ka daina cewa "a kira 'yan kwana-kwana". "A" ba mutum ba ne, kowa zai zaci wani ya kira. Ka kama sunan mutum, ka dubi idonsa: wane, kashe babban makunni ka dawo ka gaya mini. Wane, kira 'yan kwana-kwana. Wane, tsaya a ƙofa da rajistar masu aiki, duk wanda ya fito ka sa masa alama. Da akwai wuri guda da kowa ya san nan ake haɗuwa, da yaron nan bai ɓace muku ba ko da ta taga ya fita.

Maganar mutanen nan biyu kuwa, amsarta ɗaya ce, ka haddace ta tun yanzu: ba wanda zai koma. Mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su kafin wuta ta taɓa su, kuma riga a hanci ba ta tare gubar da ke cikinsa. Da sun shiga, da mutum uku ake nema maimakon ɗaya. Abin yi shi ne ka aika a zagaya ginin ta waje, a kira wayar yaron, in motar kashe gobara ta iso ka gaya musu inda aka gan shi na ƙarshe.

Tsarin da hukumomin agaji da yawa ke bi yau ya samo asali ne daga gobarar daji da aka yi a kudancin Kalifoniya ta Amurka a 1970. Da aka zauna bincike, sai aka ga rikicewar shugabanci da rashin fahimtar juna tsakanin hukumomi sun yi ɓarna ƙwarai. Daga nan aka kafa ƙa'ida: kowane mutum shugaba ɗaya yake amsa wa, kuma shugaba ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum uku zuwa bakwai, biyar ne ya fi dacewa. Kai goma sha huɗu kake da su. Raba su uku, kowane rukuni da jagoransa, kai kuma ka yi magana da mutum uku kawai.

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen gaggawa:

Sannu ɗan'uwa. Baba ya gama magana kan gobara, ni tambayarka ta farko zan taɓa.

Cikakken bayani ba ya zuwa sai bayan an gama. In mota ta kawo mana mutum shida a lokaci guda, ba ma jiran sakamakon gwaji. Muna duba numfashi, bugun jini, da ko mutum na amsa magana, mu raba su da launi: ja ga wanda zai rasu in ba a taɓa shi yanzu ba, rawaya ga mai iya jira kaɗan, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. Muna yin kuskure wani lokaci, shi ya sa ake sake zagayawa a duba. Hukuncin da ka yanke minti biyar da suka wuce ba alkawari ba ne, kana iya warware shi in abin ya canza.

Abin da nake tambayar kaina shi ne: in na yi kuskure a nan, ana iya gyarawa? Fitar da mutane daga gini ana iya gyarawa, in ƙaramar wuta ce sai a koma aiki. Wannan kada ka jira izinin kowa. Tura mutum cikin hayaƙi ba a gyara shi. Nan ne ake tsayawa a yi tunani.

Kuma duk umarnin da ka bayar, wanda ka ba ya maimaita maka da bakinsa, in ya gama ya dawo ya ce an yi. A cikin hayaniya kunne yana jin rabin magana ne.

Wani matashi:

Ni dai a ganina lokacin gaggawa ba lokacin shawara ba ne. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su bi, shi ke nan. Yawan baki ne ya rikita ku a daren nan.

Wani mai aiki a filin jirgin sama:

Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa ta ci rayuka da yawa a fanninmu. A ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya, cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin jirgin da ya taso babban malamin matuƙa ne a kamfaninsu. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake cewa uffan. A Disamba 1978 kuma wani jirgi ya yi ta shawagi kusan awa guda a saman birnin Fotland na Amurka, kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyin sauka, na ƙasa da shi suna ambaton mai a hankali ba su fito ɓaro-ɓaro ba, har man ya ƙare jirgin ya faɗi, mutum 10 suka rasu. Ka ga irin abin da Baba ya ce game da ido a kan kwali ɗaya.

Bayan waɗannan ne aka fara horar da matuƙa cewa hukunci na kyaftin ne, amma faɗin abin da aka gani wajibi ne a kan kowa, komai ƙanƙantarsa. A daren ku, wanda ya yi ihun kada a zuba ruwa shi ya fi kowa gaskiya, kuma maigadi ne ya yi abin da ya dace. Da an horar da su cewa su yi shiru su jira umarni, me zai faru?

Dubi kuma jirgin da ya sauka a kogin Hudson da ke birnin New York na Amurka a Janairu 2009 bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu. Cikin daƙiƙun farko kyaftin Sullenberger ya furta cewa ya karɓi tuƙi, mataimakinsa ya amsa ya koma kan ƙoƙarin tayar da inji. Kowa ya san nasa. Bayan sun sauka, sau biyu ya bi cikin jirgin ruwa na shiga, yana duba ko an bar wani. Duk mutum 155 suka tsira.

Wani malami:

Ina ganin ku biyun ba ku saɓa ba, lokaci ne ke raba maganarku. In daƙiƙu gare ka, umarni. In awoyi ko kwanaki ne, shawara ɗaukar ɗaki.

Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, yana da lokaci, sai ya kira Muhajirai, suka saɓa, ya kira Ansar, su ma suka saɓa, ya kira dattawan Ƙuraishawa, sa'annan shi kaɗai ya yanke cewa a juya. Ya saurari kowa, amma bai bar nauyin hukuncin a kan taro ba.

Haka masu haƙar ma'adinai 33 da ƙasa ta rufta da su a Chile a watan Agusta 2010. Kwana 17 ba wanda ya san suna raye, kwana 69 suka yi a ƙarƙashin ƙasa. Shugaban aikinsu Luis Urzúa ya tsara rabon ɗan abincin da suke da shi, aka ba kowa aiki, manyan al'amura kuma suka riƙa jefa ƙuri'a a kai. Shi ne na ƙarshe da aka ciro. A sama kuma masu ceto ba su dogara da rami ɗaya ba, hanyoyi uku suka riƙa haƙawa a lokaci guda.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganar kunyar nan ta taɓa ni, haka abin yake. Saura tambayata ta ƙarshe. In na tara su na ce na yi kuskure, ba za su raina ni ba? Kuma manaja fa, in gobe na fitar da mutane ba da izininsa ba aka yi asarar aiki?

Dattijon:

Ɗana, sun riga sun gani, suna wurin. Abin da ba su sani ba shi ne ko kai ka gane. Ka tara su, ka fara da naka: na ɗauki tukunya maimakon in tsaya in raba aiki, kuma na yi shiru lokacin da ya kamata in hana ku komawa. Sa'annan kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya yi, ba tare da neman mai laifi ba. Ka bar sabon yaron nan ya yi magana da wuri kafin manya su cika wurin, ka tambaye shi dalilin da ya sa ya bi ƙofar baya. Ka yaba wa maigadi a gaban kowa.

Manaja kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka same shi da rana tsaka, hankali kwance, ku rubuta a takarda abin da kake da ikon yi ba tare da ka kira shi ba: kashe wuta, fitar da mutane, kiran agaji. Ya sa hannu. Ka sa a rubuta wanda zai tsaya a madadinka ranar da ba ka nan. Kwalayen nan a raba su da akwatin lantarki tun yau. Sai atisaye, kuma da dare za ku yi shi, tunda da dare kuke aiki.

Mai tambaya:

Jiya mun zauna. Yaron ya ce tun da aka ɗauke shi ta ƙofar baya yake shiga yake fita, ba wanda ya taɓa nuna masa wata, kuma ni ne ya kamata in nuna masa. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya ce da na ce musu su shiga, da sun shiga. Mun zaɓi gindin fitilar da ke bakin babbar ƙofa a matsayin wurin haɗuwa, rajista za ta riƙa kwana a hannun maigadi, manaja kuma ya sa hannu a takardar. Daren Alhamis za mu yi atisaye na farko in sha Allah, ban gaya musu ƙarfe nawa ba.