Ɗana ya nemi kuɗin aikin hannu, ni kuma na ɗauko kara

Baban Yara, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma ku fara jin abin da ya faru.

Ranar Laraba babban ɗana, ɗan aji biyar, ya dawo daga makaranta ya ce an ce kowa ya kawo aikin hannu kafin jarrabawa. Na ce madalla, me za ka yi? Sai ya miƙo min hannu: "Baba, ɗari biyar ce." Wai tsintsiya ake sayowa a kai, wanda bai samu ba ya kai kuɗin. Sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna.

Mu muna kamarsa, da an yanke dawa mun samu abin yi har bazara. Sille za ka zaɓa wanda ya bushe sarai, ka ɓare shi da haƙori, ɓawon ka tsaga siri-siri ya zama ƙusa, tsokar nan mai laushi ta ciki ita ce katakonka. Tayoyi kuwa sakaina muke gogawa a dutse har ta zagaye, daga baya muka koma yanka tsohon silifa. Motar kara da bodi, da fitilu, har da karen mota a liƙe a baya.

Na ce yau za ka ga aikin hannu. Karan ma sai da na roƙa a maƙwabta, don namu tun kaka aka sayar wa masu dabbobi, yanzu ba a barin kara a gona a banza. Muka zauna a gindin darbejiya. Ko minti goma ba a yi ba ɓawo ya yanke shi a ɗan yatsa, ɗan jinin da bai taka kara ya karya ba, amma ya kwarara ihu, uwarsa ta leƙo tana cewa ai ga irinta nan. Ƙarshe ni na gama motar ni kaɗai, shi yana gefe da wayata. Yaron da ya san lungun wayar nan fiye da ni, amma bai iya riƙe wuƙa ba.

To ina matsalar take? Yaran ne suka sangarce, ko ni ne ban iya koyarwa ba?

Malamar Firamare, Dawakin Tofa:

Wa alaikumus salam Baban Yara. Ba zan kare mu malamai ba, karɓar kuɗi a madadin aikin hannu kuskure ne, kuma ni ma na taɓa yi. Darasin yana cikin manhaja, amma ajina yara sun haura tamanin, ba almakashi ko ɗaya. Tsintsiya aƙalla za a share aji da ita.

Abin da ya sa na daina shi ne wata rana na tambayi yara wa ya taɓa taɓa yumɓu. A Dawakin Tofa fa, garin da kowa ya sani da ginin tukwane! Hannu bai fi bakwai ba aka ɗaga. Wata yarinya kakarta maginiya ce, amma ta ce mamanta ta hana ta, wai zai ɓata mata kaya. Sai na roƙi tsohuwar ta zo mana da yumɓu kwaɓaɓɓe a kwano. Ba ta yi wani dogon bayani ba, zama kawai ta yi tana murzawa tana ɗorawa, yara suka yi mata zobe, ajin da ba ya shiru ya yi tsit. Kowa ya gina asusu. Rabin su sun tsage saboda zumuɗi ya sa an kai su rana, bayan ta ce a inuwa ake shanyawa a hankali. Mako na zagayowa su da kansu suka dame ni a sake.

Ɗan Wudil:

Baba, da girmanka, amma ban yarda yaran yanzu ba su iya komai ba. Kayan aikin ne suka canza. Ka zo unguwarmu ka ga ƙanena da abokansa: kwali, gwangwanin madara, murfin robar lemo a matsayin taya, gam na shago. Sun cire ɗan injin wata matacciyar fanka ta hannu, suka haɗa da batirin tocila, tifa tana tafiya da kanta. Har juye yashi take yi, da sirinji biyu da siririn tiyo mai ruwa a ciki, ka danna ɗaya, ɗayan ya ɗaga bodin. A wayar da kake ƙorafi a kanta suka gani.

Sannan tambaya ɗaya, tsakani da Allah: kai mahaifinka ne ya zaunar da kai ya koya maka motar kara?

Baban Yara:

Kai, ka kama ni. Baba da ya gan ni da kara sai dai ya kore ni kiwo. A gindin yayye muka koya, kai ne mai ɗebo sille, kai ne mai riƙewa, ka yi taka a yi maka dariya ka sake. Yanke hannu kuwa ba wanda ya san an yi.

Uwar 'Yan Mata, Gumel:

Ku maza mota kawai kuke gani. 'Yata shekararta 11, da ta dawo daga Islamiyya allura ce a hannunta, ɗinkin hula, har ido ya fara yaji. Hannunta ya fi nawa kyau. Amma wannan ba wasa ba ne, mai hula ne yake kawowa ya karɓa ya biya, kuma zanen da ya zana shi za ta bi, ba nata ba. Ni ina kamarta 'yartsana nake yi da kara, in yi mata kitso da zare, in ɗaura mata ƙyallen da na tsinto a wajen tela, mu yi tuwon ƙasa a gwangwani. Ita ba ta taɓa yin abu don kanta ba.

Faifai ma na so in koya mata, kaba ce ta yi wuya, an sare gorubar da ke kusa da mu. Sai in mai gidan ya je Maigatari ranar Alhamis nake saƙo. Tabarmar roba kuma ta kashe wa ta kaba kasuwa, sai tsofaffi.

Baban Yara:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta tsaya min, don ni ma ina da 'ya mace kuma ko tunaninta ban yi ba.

Jiya na zube sauran karan a ƙofar gida na yi tafiyata masallaci. Da na dawo na tarar da ɗana da yara su biyar a kai, har da yaron maƙwabcin da ya girme su, ana ta musu a kan inda za a soka taya. Abin da suka haɗa ya fi kama da amalanke, amma shi ya kai makaranta yau, ban ba da ɗari biyar ba. Tawa motar kuwa da na ɗora a kan katanga, akuya ta cinye bodin.

Ɗan Wudil, sirinjin nan wane girma suke sa wa?