Abin da na tsinta a hirarmu kan makamashi da kabon

To ga dai abin da aka tsaya a kai. Kar ka haɗa su, makamashi hanya ɗaya yake bi daga rana zuwa ganye zuwa dabba ba ya dawowa, shi kuwa kabon, wato sinadarin da ke jikin duk wani abu mai rai, zagaye yake ta yi. In kana zana sarƙar abinci, wato jerin wane ke cin wane, kibiyar ta nuna mai ci ba wanda aka cinye ba, nan yawancinmu ke faɗuwa wallahi. Kusan kashi 10 cikin 100 kacal na makamashin ke haurawa mataki na gaba a sarƙar, yawancin sauran a zafi yake tafiya, shi ya sa zakuna ba su kai barewa yawa ba. Sannan kar a manta bakteriya masu ruɓar da mushe da busasshen ganye, su ma suna mayar da kabon cikin iska. Itatuwa ma suna numfashi fa, dare da rana.